Rakoda a Kan Turmin Inna

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya san mutanenmu na wajen Kalgo ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ba faɗa muka yi ba. Kunya ce irin tamu, wadda muka gada daga kakanninmu Fulani, muka kuma ƙara mata gishiri da kanmu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga goggona a Gwandu, can na yi wayo, can na yi makaranta. In an kawo ni hutu ƙauyenmu, can bayan Dangoma, duk maganar da Inna za ta yi mini sai ta bi ta kan wani. In ƙanwata na kusa, ta kanta za a bi. In ba ta nan, akuya ma ta isa. Na sha ganin Inna ta dubi kaza tana tsakiyar tonon ƙasa ta ce, "A ce ma waccan tuwonta na hucewa." Ni kuma in dubi kazar in ce, "A ce mata na ji." Kajin gidanmu sun yi aikin aike fiye da kowa a garin, kuma ba wadda ta tsira daga wuƙa saboda haka.

Ina ƙarama abin dariya yake ba ni. Da na girma ya fara ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Ka ga 'yar wani ta faɗa jikin uwarta suna hira suna shewa, kai kuma taka uwar tana aiko maka da saƙo ta bakin tunkiya.

A gidan goggo na kamu da son rediyo. Tana da wata tsohuwar akwati da take ratayewa a jikin ƙusa kusa da murhu, hayaƙi ya mai da ita baƙa ƙirin, ba ta magana sai an ɗan mare ta a gefe. Duk ranar da ake shirin mata, goggo takan ajiye muciya ta saurara, tana yi tana gardama da mai gabatarwa kamar suna ɗaki ɗaya. "Ƙarya kike yi, ba a sa daddawa da wuri haka!" Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mace take magana, garin Gwandu kaf yana jin ta, kuma ba wanda ya ce mata ta rage murya akwai maza a zaure. Na ce a raina wannan aikin nake so.

Allah da ikonsa, bayan na gama karatu sai na samu shiga wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, aka kuma haɗa ni da matar nan da goggo ke gardama da ita. Hajiya muke ce mata. Doguwa ce, ga faɗa, ga tabarau da take ɗorawa a kan hanci don ta harare ka ta samansa. Ita ta ba ni labarin yadda mata suka shigo aikin. Ta ce da aka ɗauke ta, gaishe-gaishe kawai ake ba ta ta karanta, sai kuma koya wa mata miyar kuka. "Ki ji fa," in ji ta, "matan da suka buɗe ido a gindin murhu, ni ce zan koya musu miyar kuka!" Da ta nemi a ba ta rakoda ta fita neman labari kamar maza, sai aka ce rakodar ta yi wa mace nauyi. Ta ce musu ita da ta yi shekaru tana ɗauko tulu daga gulbi da goyo a baya, wace rakoda ce za ta karya ta? Ta saɓa ta a kafaɗa ta fita, a lokacin da rakoda take da girman akwatin lefe.

Abin da Hajiya ta fi nanata mini shi ne, ɗan jarida namiji in ya je ƙauye a zaure yake tsayawa. A shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, maigari ya yi bayani, liman ya yi addu'a, ya naɗe wayarsa ya koma. Abin da ke faruwa daga zaure zuwa cikin gida bai taɓa jin sa ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba a shiga. "Ke kuwa," ta ce, "zanenki shi ne takardar izininki. Ki wuce ciki."

To, ana nan sai wata rana na ji wani abokin aikinmu ya kawo rahoto daga ƙauyenmu. Wasu bayin Allah masu taimako sun haƙa rijiyar burtsatse, sun sa famfon tuƙa-tuƙa. Na ji muryar maigari yana godiya, na ji ƙarar ruwa yana zuba a bokiti, na ji dattawa suna cewa wahalar ruwa ta ƙare a garin nan har abada. Daɗi ya kama ni har na kusa yin guɗa a ofis. Na san gwiwar Inna ta daɗe tana damunta, na kuma san nisan fadamar da take zuwa ɗibar ruwa tun kafin a haife ni.

Da na samu hutu na hau mota zuwa Kalgo, daga nan na hau kabu-kabu. Muna dab da shiga gari, wa zan hango a kan hanyar fadama? Inna, da jarka a ka, tana tafe tana ɗingishi, bayanta wasu matan aure su ma kowa da nata kayan. Na ce wa mai babur ya tsaya. Na sauka na durƙusa na gaishe ta. Ta kau da kai, ta dubi wata bishiyar kalgo a bakin hanya ta ce, "A ce ma baƙuwa sannu da hanya." Na miƙa hannu zan karɓi jarkar, ta goce ta wuce abinta.

Ƙanwata, wadda ke aure a cikin garin, ita ta warware mini. Ta ja ni bayan katangar masallaci ta ce in leƙa. Na leƙa. Ga famfo sabo fil, an yi masa daɓen siminti, yana ta ƙyalli. Ga kuma inuwar dalbejiya a gefensa, inda dattawan gari ke zaman majalisa tun daga hantsi har magariba. Kakana na wajen uba yana tsakiya da rawaninsa, ga ƙannensa, ga sauran tsofaffi, kowa ya miƙe ƙafa yana fuskantar famfon kamar masu kallon dambe.

"Kin gani?" in ji ƙanwata. "Babu matar aure a garin nan da ba ta da suruki a ƙarƙashin itacen nan. Wace ce za ta zo ta duƙa gaban surukinta tana tuƙa famfo, jiki na rawa, zane na kwancewa? Ko wucewa ta nan ba mu yi, balle tuƙi."

Wato famfon ya zama na tsofaffin mata da suka wuce kunya, da 'yan mata ƙanana da ake hana su zuwa makaranta don su bi layi, da maza masu alwala. Wadda ba ta da ƙaramar yarinya a gida, irin Inna da ta aurar da nata duka, sai ta koma fadama.

Na ce, "To ku gaya wa mazajenku mana!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Mun gaya musu. Wane ne a cikinsu zai je ya dubi ubansa ya ce, Baba, zamanka ne ke hana matata ɗibar ruwa?"

Kai, jama'a! Kunya ta hana mata gaya wa surukai, kunya ta hana maza gaya wa iyayensu, su kuma tsofaffin suna zaune suna alfahari suna gadin famfo kada yara su lalata shi. Ban gama jin haushin wannan ba ta ƙara mini da wani. Masu taimakon nan sun yi alkawarin dawowa bayan an yanke shinkafa su haƙa na biyu, kuma dattawa sun riga sun nuna wuri: dab da na farko, don su riƙa gadinsu tare. Shinkafa kuwa ta fara ja a fadama. In aka haƙa shi a nan, to Inna da jarkarta sai dai mutuwa ta raba su.

Na koma Birnin Kebbi ina huci, na ce wa Hajiya a ba ni fili in faɗa a iska. Ta harare ni ta saman tabarau. "In ke kika faɗa, za a ce 'yar boko ce ta sha ruwan birni ta zo tana koya wa iyayenta zama. Ki kawo mini muryar mace mai ɗaukar jarkar, ta faɗa da bakinta. Mace ɗaya ta ishe ni." Ta miƙo mini rakoda, irin ƙaramar nan mai kaset, da makirufo mai hular soso. Na ce a raina wannan ai ba aiki ba ne, garinmu ne, kowa gwaggo ce ko inna ko yaya.

Ashe ban san mutanena ba.

Da na koma ƙauye, gidan farko da na shiga, na tarar da mata suna sussukar gero. Na zauna, na kawo maganar famfo, nan take wuri ya kaure. Wannan na cewa wuyanta ya sage, waccan na nuna mini kantar da gammo ya yi mata a ka, wata na kwaikwayon yadda kakana ke gyara rawani in ya hango mace daga nesa. Muka yi ta dariya har da hawaye. Na ce madalla, na fito da rakoda na danna. 'Yar jar fitilar nan tana kamawa, sai ka ce an watsa musu ruwan sanyi. Wadda ta fi kowa zuba ta gyara lulluɓi, ta sunkuyar da kai, ta ce da wata 'yar siririyar murya da ban taɓa jin ta da ita ba, "Mun gode Allah, mun gode maigari, ruwa ya wadata." Na kashe rakodar na ce, "Haba yaya, yanzu fa kika ce wuyanki ya sage!" Ta ce, "Wancan hira ce. Wanga kuwa surukina zai ji."

Na ce zan ɓoye suna. Suka ce a garin da ake gane tarin kowa ta bayan zana, wane suna zan ɓoye? Na ce to a toshe hanci a yi magana. Wata ta gwada, sauran suka fashe da dariya suka ce wallahi ta fi kama da kanta a haka.

Sai aka ce in je wajen wata tsohuwa mai kitso, ita ba ta jin kunyar kowa. Na je. Ta karɓi makirufo da hannu biyu, ta share murya, na ce yau na dace. Sai ta fara: tana gaida ɗiyarta da ke aure a Dalijan, tana gaida jikokinta a Ceberu, tana gaida mai maganin da ya yi mata aikin haƙori a kasuwar Kalgo, da fatan ya ji sauƙin ƙafarsa. Ta gaida rayayyu, ta yi wa matattu addu'a. Da na samu ta ja numfashi na ce, "Kaka, maganar famfo fa?" Ta ce, "Famfo lahiya lau, ni kullum can nake ɗiba." Gaskiyarta kuwa, surukanta duk sun daɗe a ƙasa.

Haka na yi ta yawo gida-gida har kasetina ya cika da godiya ga maigari da kukan awaki. A wani gida ma na ajiye makirufo a tabarma ina rarrashin matar gidan, zakara ya zo ya fizge hular soson ya ruga da ita bayan rumbu. Na bi shi da gudu, da mayafina da takalmina mai tsini, mata na ta shewa. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Na yi fushi da zakara, na yi fushi da matan, na yi fushi da kunyar da ta sa mutum ya gwammace wuyansa ya karye da a ji muryarsa.

Inna kuwa ko a mafarki ban sa ta a lissafi ba. Aikin jarida tambaya ce da amsa. Ta yaya zan yi wa Inna tambaya ta amsa mini, matar da ko "ina kwana" na ce mata sai ta amsa wa turmi? Ga kuma babban surukin garin gaba ɗaya, kakana, nata ne. Kunya biyu ce ta haɗu mata a wuri ɗaya.

Ranar da zan koma, da hantsi, ina zaune a tsakar gida ina ɗaure jaka, fuskata a murtuke. Inna ta dawo daga fadama, ta sauke jarka da ƙyar, ta zauna a kan kujerar tsuguno tana murza gwiwa. Na ga yadda gwiwar ta kumbura, na kau da kai don kada in yi kuka. Can sai ta watsa wa kaji tsaba, ta dubi wata wake-wake a cikinsu ta ce, "A tambayi mai ƙarhen nan, shi ƙarhen yana ji ko ba kowa kusa?"

Na dubi kazar na ce, "A ce mata yana ji, in dai an danna masa."

"To a ce mata ta danna mishi, ta aje shi bisa turmi, ta tahi ta yi sallama da ƙanwarta. Kada ta yi gaggawar dawowa."

Na juya kaset zuwa ɗaya gefen, na kife turmi, na ɗora rakoda, na jingina makirufo da ba shi da hula a jikin taɓarya. Na danna na fita. Wallahi na so in laɓe a bayan zana, har na ɗan tsaya. Sai na ji ta ce da ƙarfi, "A ce ma mai laɓe ana ganin ƙahwahunta ta ƙasan zana." Na kwashi takalmina na yi gaba.

Da na dawo na tarar kaset ya ƙare ya tsaya da kansa, an rufe rakodar da faifai don kada rana ta buge ta. Inna tana can cikin ɗaki ta saki labule. Na yi sallama da labulen, labulen ya ce a sauka lafiya.

Ban saurara a hanya ba, tsoro nake ji. Sai da na isa ofis na ajiye gaban Hajiya na ce, "Ban san abin da ke ciki ba. Mai yiwuwa godiya ce ga maigari." Ta danna. Aka fara jin kukan kaji, sai gyaran murya, sai Inna:

"Salamu alaikum, kai ƙarhe. An ce kana kai magana nesa. To ka kai wagga. Mu matan garin ga mun gode da ruwan da anka kawo muna, Allah ya saka. Amma ba mu sha shi ba. An aje shi gaban waɗanda muke jin nauyi, mu kuwa ba mu iya duƙawa gabansu. Ba su kore mu ba, ko sau ɗaya ba su ce kada mu zo ba, mutanen kirki ne. Kunyarsu muke ji, kuma ba mu son mu daina ji. Da anka zo aje ruwan, waɗanda ba su ɗaukar tulu anka tambaya. In za a sake, a zo bayan gidaje, wajen tsamiyar da muke sussuka, a tambaye mu. Ni dai gwiwata ta gaji. Ban iya ƙarya gaban ƙarhe."

Tun da nake ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon haka ba. Ashe haka muryarta take in ta sake, mai kauri, a natse, ba rawa ko kaɗan. Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Wannan wace ce?" Na ce, "Mahaifiyata ce." Ta ce, "To ta fi ki iya aikin." Ta kai hannu za ta kashe, sai muka ji an sake gyaran murya.

"Kai ƙarhe, saura guda. Wagga ba ta jama'a ba ce, kada ka kai ta nesa. Ka ce ma mai ɗaukarka, duk ran da take magana cikin akwati ina ji. Ɗaki nake shiga da shi in rage murya, don kada a ce ina sauraren ta. Ka ce mata ta rage sauri in tana magana, ba korar ta ake yi ba. Ka ce mata ta rame, ta riƙa cin abinci. Ka ce mata," aka ji kaza na ƙyarƙyara, sannan ta ce, "ka ce mata ɗiyata ce, ban mance ba."

Na kifa kaina a kan teburin Hajiya na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Matar nan mai faɗa ta bar ni na yi mai isata. Da na ɗago ta ce, "Na farkon na jama'a ne, za mu sa. Na biyun naki ne, ki tafi da kasetinki gida."

Aka sa shirin da la'asar, daidai lokacin da majalisa ke cika, don kullum akwai rediyo a rataye a reshen dalbejiyar. Ƙanwata ce ta ba ni labarin yadda aka yi, ita kuma mijinta ya ba ta. Muryar na fitowa kowa ya gane ta. Babana, wanda ke zaune a gefen tabarma, ya tuna nan take cewa bai duba shanunsa ba, ya miƙe ya bar takalmi ɗaya a wurin. Aka saurara har ƙarshe. Kakana ya daɗe yana kallon famfo, sannan ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "Ashe mu ne dodon? Mu muna nan muna cewa matan garin ga sun fi son ruwan fadama don ya fi garɗi!" Wani ƙaninsa ya ce ai bai kamata mace ta yi magana a rediyo ba. Kakana ya ce, "Da wa ta yi magana? Ni ban ji ta kira sunan kowa ba. Da ƙarhe ta yi."

A cikin gidaje kuwa, in ji ƙanwata, sai da aka yi guɗa. Matan nan da suka cika mini kaset da godiya ga maigari, kowace ta ce ai ita ma abin da ta yi niyyar faɗa ke nan, ni ce ban tsaya ba. Inna ta yi kwanaki ba ta leƙa ko ƙofar gida ba don kunya. Sai ga ƙwaryar goro daga wajen kakana, ba saƙo, ba bayani. Ta karɓa ta raba wa maƙwabta.

Da masu haƙa suka dawo bayan yankan shinkafa, sun riga sun ji shirin. Suka zo da wata mace a cikinsu, ta wuce zaure ta shiga cikin gidaje. A gindin tsamiya aka haƙa, bayan gari, inda ba namijin da ke bi sai mai neman akuyarsa. Tsofaffin majalisa ba su tashi daga inuwarsu ba, sun ce dalbejiyar ta riga famfo zuwa, amma sun sa an kafa zana tsakaninsu da famfon farko. Yanzu suna jin ƙarar tuƙi da hirar mata, ba sa ganin kowa, kuma an ce sun fi kowa sanin labarin garin.

Bayan wannan shirin, aikina ya canja. In na shiga ƙauye mata suka noƙe, ba na rarrashi kuma. Nakan nemi turmi in kife, in ɗora rakoda, in ce zan je in gaida mutanen gidan gaba. Abin da na kwaso ta wannan hanya a ƙauyukan Gwandu da Kalgo, kan awon ciki da makarantar 'yan mata da hayaƙin turara shinkafa da ke cinye musu ido, ya fi abin da na taɓa samu da tambaya. Yaran matan da muke koya wa aiki yanzu, masu ɗaukar murya da waya, suna yi mini dariya in na ce su fara neman turmi. Hajiya ta yi ritaya, tana gida tana gardama da rediyo kamar yadda goggo take yi da ita a da. Na kuma rage sauri in ina magana, masu saurare har yabawa suke yi, ba su san umarni aka ba ni ba.

Kada wani ya zaci daga ranar Inna ta fara yi mini magana. Ina! Har gobe ba ta kiran sunana, ba ta kallona. Abin da ya canja shi ne kaji sun huta. In na je gida, bayan an ci abinci, nakan ciro wayata in ajiye a kan tabarma tsakaninmu, in ɗan juya baya ina tsince shinkafa. Ita kuma ta dubi wayar ta ce, "To kai ƙarhe," ta shiga ba shi labari: wanda ya haihu, wanda ya rasu, abin da likita ya ce game da gwiwa, abin da ke damunta da ba ta gaya wa kowa ba. Ni ma in ba ƙarfen amsa.

Zuwana na bayan nan, cajin wayar ya ƙare tun ina Kalgo, garin kuma ba wuta. Na rasa yadda zan yi. Na dai ciro ta na ajiye a kan tabarma haka nan. Inna ta ɗauka, ta juya ta, ta danna gefe kamar yadda ta ga jikokinta na yi. Fuskar wayar baƙa ƙirin, ba ko ɗigon haske. Ta san a mace take, na san ta sani. Ta mai da ita kan tabarma a hankali, ta ɗan matso da ita kusa da ƙafata, ta gyara zama.

"To kai ƙarhe," ta ce, "ka ce mata na yi kewarta."